Jari, Al'ada da Zaɓin Lilo: Nazarin Faɗaɗa Wuraren Shaƙatawa na Disney a Wajen Amurka, 1983 zuwa 2025

Tsakure

Wannan takarda ta bi diddigin yadda kamfanin Disney ya kafa wuraren shaƙatawarsa a wajen Amurka da yadda ya riƙa faɗaɗa su, tun daga Tokyo a 1983 har zuwa sanarwar Abu Dhabi a 2025. An kwatanta Tokyo da Faris da Hong Kong da Shanghai ta fuskar wanda ya zuba jari, da girman abin da aka buɗe da shi, da irin lilon da aka ƙara daga baya. Nazarin ya nuna cewa duk inda aka yi ƙwauron kuɗi a ranar buɗewa sai da aka biya ninki daga baya, kuma lilon da aka ƙera musamman saboda mutanen wuri shi ne ya fi ceto wuraren da suka shiga matsala. Takardar ta kuma yi gargaɗi a kan sabon salon maimaita unguwa ɗaya a ƙasashe daban-daban.

Muhimman kalmomi: yawon buɗe ido, wurin shaƙatawa, lilo, jari, al'ada, Disney.

1.0 Gabatarwa

Walt Disney ya buɗe Disneyland a garin Anaheim na jihar Kalifoniya a watan Yulin 1955, aka buɗe Walt Disney World a jihar Florida a 1971. Daga nan kamfanin ya ƙetare teku. A yau yana da cibiyoyi huɗu a wajen Amurka, masu ɗauke da filaye shida: biyu a Tokyo, biyu a Faris, ɗaya a Hong Kong, ɗaya a Shanghai. Wanda ya san su ta hotuna kawai zai ɗauka duk kanwar ja ce, tunda kusan kowanne yana da ƙasaitacciyar fada a tsakiya, ga Mickey yana ɗaga wa yara hannu. Amma in aka jera sunayen lilon da ke kowane fili, aka duba shekarar da aka kafa shi da aljihun da kuɗin ya fito, sai a ga bambanci mai yawa.

A wannan takarda, wurin shaƙatawa na nufin katafaren fili mai shinge da ake biyan kuɗi a shiga, wanda aka kasa shi unguwa-unguwa, kowace da labarinta da gine-ginenta da abincinta. Lilo kuwa ya haɗa duk abin da baƙo ke hawa a ciki, ko kwalekwale ne mai ratsa kogon da aka ƙawata, ko mota, ko jirgin dogo mai tsananin gudu. Tambayar da takardar ke son amsawa ita ce: me ke sa a kafa wani lilo a wannan ƙasa a hana wata? Hanyar da aka bi ita ce kwatanci bisa jerin shekaru, ana ɗaukar kowace cibiya daga ranar buɗe ta zuwa faɗaɗawarta ta baya-bayan nan.

2.0 Tokyo: mai gida ne ya riƙe lalitar

An buɗe Tokyo Disneyland ranar 15 ga Afrilu, 1983, a garin Urayasu na lardin Chiba, a kan filin da aka cike daga teku. Disney ba shi da mallakar wannan wuri. Kamfanin Oriental Land na Japan ne ya gina shi da kuɗinsa, shi ke gudanar da shi, yana biyan Disney kuɗin amfani da suna da zane. A lokacin Disney ya zuba dukiyarsa a ginin filin Epcot na Amurka, wanda aka buɗe a 1982, saboda haka ya zaɓi ya karɓi la'ada ya guje wa kasada. Mutum kusan miliyan 10 suka shiga a shekarar farko, kuma kafin annobar korona filayen biyu na Tokyo suna karɓar fiye da miliyan 30 a shekara.

Japanawa sun nemi a kawo musu Disneyland irin ta Amurka, don haka jerin lilon farko kwafi ne na Kalifoniya da Florida. Sauyin da ya fi fitowa fili na yanayi ne: titin shiga, wanda a Amurka yake a buɗe, an yi masa rufin gilashi saboda ruwan sama, aka raɗa masa World Bazaar. Da kuɗi suka taru, sai Oriental Land ya fara neman abin da babu irinsa ko a Amurka. A 2000 aka buɗe Pooh's Hunny Hunt, inda motocin baƙi ke yawo ba a kan dogo ba, kwamfuta ce ke jan ragamarsu, suna giftawa ta gaban juna ba tare da karo ba. Ranar 4 ga Satumba, 2001, aka buɗe fili na biyu, Tokyo DisneySea, wanda ya ci yen kusan biliyan 335. An gina shi a kan labarun teku da tashoshin jiragen ruwa, da dutse mai aman wuta a tsakiya, kuma a ɗaya daga cikin unguwanninsa akwai lilon Sindbad, matafiyin da masu karatun Dare Dubu da Ɗaya suka sani.

Ko lilon da aka aro daga Amurka ba a kafa shi yadda ya zo ba. Tower of Terror na Florida an jingina shi da wani tsohon shirin talabijin na Amurka da Japanawa ba su shaƙu da shi ba, sai aka ƙirƙiro masa sabon labari a 2006, na wani attajiri mai wawure kayan tarihin al'ummu wanda wani gunki ya hallaka. Faɗaɗawa ta baya-bayan nan, Fantasy Springs, an buɗe ta ranar 6 ga Yuni, 2024, a kan yen kusan biliyan 320, wato unguwa ɗaya ta kusa cin kuɗin da aka gina filin gaba ɗaya da shi. Dalilin wannan sakin hannu a bayyane yake. Oriental Land ba shi da wata babbar sana'a da ta wuce wannan wuri, kuma yawancin baƙinsa 'yan ƙasa ne masu dawowa a kai a kai, waɗanda ba za su biya kuɗi su sake kallon abin da suka gani bara ba.

3.0 Faris: gini mai kyau, lissafi mara kyau

Ganin irin ribar da ta kuɓuce masa a Tokyo, Disney ya ƙudura cewa a Turai da hannunsa za a yi. A watan Maris na 1987 shugaban kamfanin, Michael Eisner, ya sa hannu a yarjejeniya da gwamnatin Faransa ƙarƙashin firaminista Jacques Chirac, aka buɗe Euro Disney ranar 12 ga Afrilu, 1992, a Marne-la-Vallée, kimanin kilomita 32 gabas da Faris. Ta fuskar zane ba a yi rowa ba. Masu ginin sun san Turawa suna da fadoji na gaske masu shekaru ɗaruruwa, don haka suka yi fadar tatsuniya, da dodo mai motsi yana numfashi a kogon ƙarƙashinta. Unguwar da a Amurka ake nuna fasahar gobe a cikinta, a nan an gina ta a kan tunanin marubutan Turai irin su Jules Verne.

Matsalar ta taso daga lissafi. An gina otal-otal masu ɗakuna fiye da dubu biyar da bashi, aka buɗe a lokacin da tattalin arzikin Turai ke cikin kunci, ga baƙi suna iya kwana a Faris su zo da jirgin ƙasa su koma. Masana al'adu na Faransa sun yi wa wurin ca, har mai shirya wasan kwaikwayo Ariane Mnouchkine ta kwatanta shi da bala'in Chernobyl. Dokar hana sayar da giyar inabi a cikin fili, wadda aka kwaso daga Amurka, sai da aka janye ta a 1993. A 1994 aka sake tsarin bashin, Yarima Alwaleed bin Talal na Saudiyya ya sayi kaso mai tsoka, aka kuma sauya suna zuwa Disneyland Paris.

Abin da ya juya akalar wurin lilo ne guda ɗaya. A watan Yunin 1995 aka buɗe Space Mountain na Faris, wanda ya sha bamban da na Amurka. An gina shi a kan labarin Verne na tafiya duniyar wata. A lokacin, jirgin baƙi yakan shiga bakin wata ƙatuwar igwa mai ruwan zinariya da ke jingine a jikin ginin, ya tsaya cak, sai igwar ta ja da baya, hayaƙi ya tashi, a harba jirgin sama zuwa cikin duhu, inda yake kifewa da mutane sau uku, kiɗa na tashi daga kujerunsu daidai da kowace kwana. A wannan shekarar ce wurin ya fara cin riba.

Sai dai ba a riƙe darasin ba. A watan Maris na 2002 aka buɗe fili na biyu, Walt Disney Studios, da lilo uku kacal, sauran duk wasannin kallo ne. Watanni shida ne tsakaninsa da DisneySea, suna ɗauke da suna ɗaya, amma tazarar da ke tsakaninsu ta isa hujja cewa araha ba ta ado. An shafe fiye da shekara ashirin ana gyara. A 2014 aka ƙara lilon Ratatouille, wanda labarinsa a Faris yake faruwa. A 2017 Disney ya saye ragowar hannayen jarin, a watan Fabrairun 2018 kuma ya sanar da faɗaɗawa ta yuro biliyan 2, wadda ta haifar da Avengers Campus a 2022 da unguwar Frozen. A 2024 aka bayyana cewa za a sauya sunan filin zuwa Disney Adventure World, a kuma gina unguwar The Lion King.

4.0 Hong Kong: ƙaramin fili da gidan da babu fatalwa

Tsoron abin da ya faru a Faris ya sa aka buɗe Hong Kong Disneyland da ƙaramin jari. An buɗe shi ranar 12 ga Satumba, 2005, a tsibirin Lantau, a lokacin gwamnatin Hong Kong tana riƙe da kashi 57 cikin ɗari, Disney yana da 43. An kula da al'ada a wasu wurare: an karkata ƙofar shiga bisa shawarar masana tsarin gini na gargajiyar Sin, kuma a lilon kwalekwalen daji an raba layi uku, na Kantonanci da na Mandarin da na Ingilishi. Amma jerin lilon ya yi ƙaranci ƙwarai. Babu Pirates of the Caribbean, babu Big Thunder Mountain, kuma sai a 2008 aka kawo It's a Small World. Baƙo yakan gama zagaye filin tun kafin la'asar. An sa ran mutum miliyan 5.6 a shekarar farko, aka samu 5.2, a ta biyu adadin ya ƙara faɗuwa, alhali tsohon wurin shaƙatawar garin, Ocean Park, yana ƙara samun jama'a.

A 2009 gwamnati da kamfani suka amince a ƙara unguwanni uku: Toy Story Land a 2011, Grizzly Gulch a 2012, Mystic Point a 2013. Ta ƙarshen ce ta fi cancanta a tsaya a kanta. A Amurka da Tokyo akwai Haunted Mansion, gidan da ake raha da fatalwar matattu. A al'adar Sinawa kuwa ruhin magabata abin girmamawa ne da tsoro, ba abin wasa ba. Saboda haka aka ƙera Mystic Manor, aka cire mutuwa daga labarin baki ɗaya. Gidan na wani dattijo ne mai tara kayan tarihi, Lord Henry Mystic, da birinsa Albert. Baƙi na cikin motoci marasa dogo sai birin ya buɗe wani akwatin kiɗa da aka hana shi taɓawa. Ƙura mai ƙyalli ta fito ta bi ɗaki-ɗaki, kayan kiɗa suka fara kaɗa kansu, zanen bango ya motsa, sulke ya ɗaga makami. A ɗakin ƙarshe mutum-mutumin Sarkin Birai na tatsuniyar Sin ya tayar da guguwa har bangon ya tsage, motocin suna juyawa a tsakiya, kafin Albert ya samu ya rufe akwatin. Babu wani fim da aka jingina wannan lilo da shi, kuma babu irinsa a wani filin Disney.

Wurin ya ci ribarsa ta farko a 2012, sannan ya koma asara daga 2015 har tsawon shekara tara. A 2016 aka sanar da wata faɗaɗawa ta dalar Hong Kong biliyan 10.9. Iron Man Experience na 2017 shi ne lilon Marvel na farko a kowane filin Disney, an sake gina fadar a 2020, aka buɗe World of Frozen ranar 20 ga Nuwamba, 2023. A shekarar kuɗi ta 2024 wurin ya dawo ga riba. Wato sai da aka yi kusan shekara ashirin ana cike giɓin da aka bari a ranar farko, kuma kaso mai yawa na kuɗin daga baitulmalin jama'a ya fito.

5.0 Shanghai: an buɗe da ƙarfi

A Shanghai an nuna cewa an koyi darasi. An fara gini a 2011, a 2014 kuma, tun ba a buɗe ba, aka ƙara dala miliyan 800 don a yawaita lilo. Ranar 16 ga Yuni, 2016, aka buɗe wurin a yankin Pudong a kan dala biliyan 5.5. Kamfanin Shanghai Shendi na gwamnati yana da kashi 57 na mallaka, Disney yana da 43, amma a kamfanin gudanarwa Disney ne ke da kashi 70. Mutum miliyan 11 suka shiga a shekarar farko.

Abin da aka bari a nan ya kai abin da aka kawo muhimmanci. Babu Main Street, titin shiga na filayen Amurka, domin titin wani ƙaramin garin Amurka na farkon ƙarni na 20 ba ya tuna wa Basine komai. Babu Space Mountain, babu jirgin ƙasa mai zagaye fili, babu gidan fatalwa. An yi lambu mai faɗi a gaban fada inda kakanni za su zauna su jira jikoki, da bango mai nuna dabbobi goma sha biyu na kalandar Sin. A madadin Space Mountain aka ƙera TRON Lightcycle Power Run, inda baƙo ke kwanciya a kan kujera mai siffar babur. Pirates of the Caribbean kuma an sake shi daga tushe, da kwalekwalen da maganaɗisu ke juyawa gaba da baya da gefe a gaban manyan allunan majigi. A watan Disambar 2023 aka buɗe unguwar Zootopia, ta farko a duniya, saboda fim ɗin ya yi kasuwa ƙwarai a Sin.

6.0 Sakamakon nazari

Abu na farko da kwatancin ya nuna shi ne, wanda ya riƙe lalita shi ke yanke girman lilo. Misali mafi kusa shi ne Frozen. Kwalekwalen da aka kafa a Hong Kong an ɗauko tsarinsa daga wanda aka buɗe a Epcot a 2016, amma Oriental Land ya biya aka zana masa sabo fil a Tokyo, mai ba da labarin fim ɗin daga farko zuwa ƙarshe.

Na biyu, ƙwauron ranar buɗewa bashi ne. Walt Disney Studios da Hong Kong sun buɗe da kaɗan, suka yi shekaru suna fama da sunan da suka samu a watannin farko. DisneySea da Shanghai sun buɗe da yawa, jama'a suka karɓe su nan take. Faris ta 1992 ta ƙara wani sharaɗi: kuɗin ya tafi ga abin da baƙo ya zo gani, kada otal ya rinjayi lilo.

Na uku, hanya ta zama mai zuwa da dawowa. Fasahar mota marar dogo irin ta Pooh's Hunny Hunt a Tokyo ta fara kafin ta isa filayen Disney na Amurka. Ratatouille ya tashi daga Faris zuwa Epcot a 2021, TRON ya tashi daga Shanghai zuwa Florida a 2023. Rassan ƙetare sun zama wurin gwajin sabon abu.

Na huɗu shi ne abin damuwa. Kusan duk faɗaɗawar shekarun nan an jingina ta da fim. An kafa unguwar Toy Story a Faris a 2010, a Hong Kong a 2011, a Shanghai da Florida a 2018. Marvel da Frozen suna bin wannan sawu. Ko Space Mountain na Faris, wanda ya ceci wurin, an tuɓe masa rigar Verne, tun 2017 yana sanye da ta Star Wars. Ta fuskar kasuwanci dalilin a fili yake: zane ɗaya ana sayar da shi sau uku, kuma yaro ya san sunan tun daga gida. Amma abin da tarihin nan ya nuna shi ne, lilon da ya ɗaga darajar kowane wuri shi ne wanda ba a samun sa sai a can. In aka ci gaba a haka, za a wayi gari mai zuwa Hong Kong ba shi da dalilin zuwa Faris.

7.0 Abu Dhabi: gwaji na gaba

Ranar 7 ga Mayu, 2025, Disney ya sanar da cibiyarsa ta bakwai a duniya, a tsibirin Yas na Abu Dhabi. Tsarin irin na Tokyo ne: kamfanin Miral zai zuba kuɗi, ya gina, ya gudanar, Disney ya yi zane ya karɓi la'ada. Tsibirin ya riga ya saba da wannan sana'a, domin akwai Ferrari World tun 2010, da Warner Bros. World da aka gina gaba ɗayansa a cikin rufaffen gini mai sanyi a 2018, da SeaWorld a 2023. Wannan ne karo na farko da kamfanin zai kafa fili a ƙasar Musulmi, kuma shi ne zai fi sauƙin zuwa ga iyalan Nijeriya da Nijar da suka saba bin hanyar Dubai don fatauci da hutu. Zafin bazara, da lokutan salla, da watan azumi, da tsarin iyali mai yawa, duk za su shafi yadda za a tsara layi da abinci da sa'o'in buɗewa, kamar yadda ruwan sama ya sa aka rufe titi a Tokyo, girmama magabata kuma ya sauya labari a Hong Kong.

8.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa jerin lilon da ke filayen Disney na ƙetare sakamako ne na yarjejeniyar mallaka, da yawan jarin farko, da sanin mutanen da za su hau. Inda waɗannan suka daidaita, kamar Tokyo da Shanghai, an samu karɓuwa da wuri. Inda ɗaya ya gaza, kamar Faris da Hong Kong, an shafe shekaru ana biyan kuɗin gyara. Shawarar takardar ga duk gwamnatin da za ta sa kuɗin jama'a a irin wannan aiki ita ce ta rubuta a yarjejeniya adadin lilon da za a buɗe da shi, ta kuma nace a ƙera aƙalla ɗaya daga labarun mutanenta. Ga masu nazarin yawon buɗe ido kuwa, ina kira da a sa ido a kan jerin lilon da za a fitar na Abu Dhabi, a ƙirga nawa ne sabo, nawa ne kwafi, domin a nan za a gane ko kamfanin ya riƙe darasin shekara arba'in ko ya sake shi.